In ƙara shanu ko in haƙura? Filin namu ya fara gazawa

Baban Ummi, Tudun Wada: Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Ina da shanu 9 a hannun ƙanena can ƙauyenmu wajen Daura, filin gado ne kamar hekta 15 sai ɗan abin da suke samu a makiyayar gari. Kuɗin sallamata sun fito ina so in ƙara 8, amma yaron ya ce Yaya kar ka ƙara, bana tun Fabrairu ciyawa ta ƙare, inda gamba ke fitowa da yanzu tumfafiya ce da tafasa. Ta yaya ake gane iya dabbar da fili zai iya ɗauka?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikumus salam Baba. Ni dai kaji zan ce ka zuba, sati shida ka kwashe kuɗinka.

Ɗan Kusfa: Alhaji don Allah ji maganar ƙanenka. Ni haka na yi, damina ta yi kyau shekara biyu a jere na ɗauka haka za a dawwama na sayar da fulotina na ƙara shanu, shekara ta uku ruwa ya yi latti. Watan Mayu wallahi saniya sai an kama wutsiya an ɗaga ta take tashi, leda suke ci a bola, wadda aka yanka mahauci ya ciro ledoji dunƙule guda a tumbinta. Dillalai suka taru a kaina, wadda na saya da tsada ko rabin kuɗinta ban gani ba, mai kiwon kuma ya ce ai ya faɗa min. Har yau haya nake biya.

Maman 'Yan Biyu: Innalillahi, Allah ya mayar da alheri.

Malamin Samaru: Ranka ya daɗe akwai lissafi, shi ake koyarwa a NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika. Saniya mai kilo 250 tana cin busasshiyar ciyawa kamar kilo 6 kullum, a shekara ya haura tan biyu. Ƙarshen damina a yanke ciyawar mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi a wurare daban-daban, a shanya, a auna, a ninka sau 10,000 a samu na hekta. Sannan kashi ɗaya cikin uku kawai za ka lissafa, saura na gara ne da gobara da tattakewa da wanda dole a bari ya rufe ƙasa. Kashi ɗayan nan na duka filin, in ka raba shi da abin da saniya ɗaya ke ci a shekara, shi ne yawan shanun da filin zai ɗauka. Kuma kar ka auna da idon Zariya, mu ruwanmu wajen milimita 1,000 ne, Daura wajen 600, kuma na bana daban na baɗi daban.

Jikan Arɗo: Malam da girmanka, kakana bai taɓa riƙe sikeli ba ya tsallake farin 1973 da na 1984 da garkensa. Kashin shanu yake dubawa da yadda suke dawowa da yamma, in ya ga alama sai ya yi kudu.

Malamin Samaru: Ya yi kudu saboda akwai hanya lokacin. Ko cibiyar AGRHYMET ta Yamai da ke duba koren ƙasa da tauraron ɗan'adam sai an je fili an tabbatar, don tafasa ma kore ce daga sama.

Sarkin Zolaya: Tafasar ma a kawo mana nan mu yi kwaɗo, ƙuli ne dai ya yi tsada 😂

Ɗan Kusfa: In zai ciyar da dusa ne ya sani buhu dubu 22 na saya.

Hajiya Sabon Gari: Kai ɗan nan an cuce ka, dubu 15 aka ba ni a wajen masu inji.

Ɗan Kusfa: Hajiya ta masara ko ta alkama? Kuma wane buhun?

Baban Ummi, Tudun Wada: Na gode, amma Malam makiyayar garin fa, ta kowa ce, ya zan sa ta a lissafi?

Jikan Arɗo: Wace makiyaya Baba? Dokar makiyaya ta Arewa tun 1965 take, je ka duba burtalin da muke bi ta bakin kogin Galma, rabi gonar masara rabi an kafa duwatsun fuloti. Gawon da dabbobi ke cin 'ya'yansa da rani masu gawayi sun kwantar.

Hajiya Sabon Gari: To da me za mu yi girki, kun san kuɗin gas kuwa? Kuma shanunku ne suka cinye min albasa a fadama bara, wa ya biya ni?