An ba ni jagorancin ƙungiyar DevOps (masu kula da sabobi da sakin manhaja), daga ina zan kama?

Mai_Sabar:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyar injiniyoyi shida ce, muna kula da sabobi a AWS, dandalin hayar sabobi na kamfanin Amazon. Ƙararrawar PagerDuty, manhajar da ke kiran injiniya in matsala ta taso, ba ta barin kowa ya runtsa da dare, masu rubuta manhaja kullum suna matsa mana a saki sabon kod, gyaran tushe kuwa sai dai a ce gobe. Me ya kamata in fara taɓawa?

Injiniya_Dattijo:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa na'ura, zauna da masu manhajar ku tsayar da SLO, wato iyakar gazawar da kowa ya yarda da ita. In kun ce tsarin ya yi aiki kashi 99.9 na lokaci a kwana 30, kuna da rarar tsayawa ta minti 43 da 'yan daƙiƙu. In wani ya ɗaga murya ya ce 99.99, ka gaya masa rarar ba ta kai minti biyar ba a wata, kuma kuɗin sabobi zai hau. Ku rubuta yarjejeniya: muddin akwai rara, a saki kod, ta ƙare, a dakata a koma gyara. Daga nan gardama ta tashi daga kanka, ta koma kan lissafi.

Sai ƙararrawa. Ciro duk waɗanda suka buga a watan jiya, ka tambayi kowace ɗaya: mai amfani ya ji a jikinsa? Akwai abin da wanda aka tasa zai yi nan take? In babu, ta koma tikiti, wato aikin da aka rubuta a jerin jira, a duba da safe. Aikin CPU, ƙwaƙwalwar sabar, ya kai kashi 80 ba dalilin tashin mutum ba ne. Yawan kuskuren 500 (lambar da ke nuna sabar ta kasa biyan buƙata) da jinkirin amsa su ne abin tashi. Ƙararrawar banza illarta ita ce mutane su saba kashe ta ido rufe, ranar ta gaske ma haka za su yi.

Hajiya_Kube:
Gaskiya ne, amma mutum shida sun yi kaɗan. Injiniyoyin Google sun ce gadin dare da rana daga wuri guda yana son aƙalla mutum takwas. Da shida, in akwai mai gadi da mataimaki, kowa yana kan aiki mako ɗaya cikin uku. Ka jawo masu rubuta manhajar cikin juyin, wanda ya yi gadi ya samu hutu, kuma kada ƙararrawa ta fita ba tare da takardar matakan gyara ba. Ka ware mutum ɗaya duk mako ya riƙa karɓar buƙatun "don Allah buɗe mini kaza", sauran su yi aiki kai a kwance.

Ɗan_Terraform:
Ku ƙara da gyaran hannu a shafin AWS. Wani ya buɗe ƙofar shiga sabar da tsakar dare bai sa a Terraform ba, wato manhajar da ke tsara sabobi daga rubutaccen kod, bayan mako wani ya yi apply, umarnin aiwatar da kod ɗin, gyaran ya goge, matsala ta dawo. A kwace izinin rubutu, a bar asusun gaggawa ɗaya da ake rajistar amfaninsa. Fayil ɗin state, inda Terraform ke rubuta abin da ya gina, ya zauna a ma'ajiyar S3 ta AWS da kulle, kowane plan, wato jerin canjin da za a yi, sai mutum na biyu ya karanta, rumbun bayanai a sa masa prevent_destroy don kada Terraform ya goge shi.

Mai_Sabar:
Na gode ƙwarai. Manya kuma, me zan nuna musu?

Hajiya_Kube:
Ma'aunan DORA huɗu, waɗanda ake auna ingancin sakin manhaja da su: yawan sakin kod, tsawon lokaci daga rubutawa zuwa saki, kaso nawa na sakin ke jawo matsala, da saurin farfaɗowa. Na ƙungiya ne fa, kada ka auna mutum ɗaya da su, in ba haka ba za a fara ɓoye maka matsaloli.