Lambun yaran Islamiyyarmu: me za mu fara shukawa, kuma ya za a yi su ci?

Assalamu alaikum jama'a. Ni malamar Islamiyya ce a Kano. Mai unguwa ya ba mu aron ɗan fili a bayan makaranta, muna so mu mai da shi lambu yara su koyi noman kayan miya. Abin da ke damuna, kuɗin tararsu duk a biskit da alawa yake ƙarewa, in ka ambaci zogale sai su yamutsa fuska. Ga ruwa sai mun saya wajen 'yan garuwa, ga awakin unguwa, ga hunturu ya kawo kai. Don Allah a ba mu shawara.

Manomin rani, Kura: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka. Kafin a yi maganar iri, a yi shinge, ko na kara ko na tsohon gidan sauro. Akuya ɗaya za ta share aikin wata guda kafin a idar da sallar la'asar. Kuma kada ki fara da tumatir. Sai an raine shi, an dasa, a jira kusan wata uku, ga tsutsar tumatir da ake kira sharon, wadda ta cinye mana gonaki a Kadawa a 2016. Yaro ba shi da wannan haƙurin. Ki fara da alayyahu: a cuɗa irin da yashi a watsa, cikin sati huɗu an fara yanka, ko da yake sanyi na ɗan rage masa sauri. Salak da karas kuwa yanzu ne lokacinsu. Kuɓewa da rama da yakuwa a bari sai damina. Taki ki nemi tsohon kashin awaki, ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake.

Wata uwa, Maraɗi: 'Yar uwa, ai ruwa yana hannunki! Ruwan alwalar ɗalibai ina yake zuwa? Ki sa baho a wurin, a tara. Sannan ku yi shuka a buhu, a huhhuda gindinsa, a rufe saman ƙasar da busasshiyar ciyawa don kada ta yi saurin bushewa. Kowane yaro da buhunsa da sunansa a jiki. Wallahi za ki ga suna rige-rigen zuwa dubawa. Ki dasa zogale a jikin shinge, in ya kama ba ya neman ruwa da yawa.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya: Na yarda da Hajiya, amma da gyara. Ruwan alwala a zuba shi a gindin zogale da alayyahu, waɗanda za a dafa. Salak da karas ɗanye ake ci, su sai ruwa mai tsabta, kuma a wanke su sosai. Batun ci kuwa, Malama, kada ki tsaya yi musu dogon bayani. Ranar da aka fara yanka, su tsinke ganyen da hannunsu, su daka ƙuli-ƙuli, a yi kwaɗo da albasa da ɗan man gyaɗa, a ci tare. Man yana taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A da ke cikin ganye da karas. A matsa lemon tsami, yana sa jiki ya fi amfana da sinadarin ƙarin jini. Shayi kuma rage shi yake, kada a bi abincin da shi nan take. Ki gayyato iyaye mata ranar, su ne masu tukunya.

Wani dattijo, Katsina: 'Yata, kada maganin feshi ya shiga wurin da yara ke wasa. In ƙwari sun zo, a daka ganyen darbejiya a jiƙa ya kwana, a tace a yayyafa da yamma, a barbaɗa toka. Sai dai wa zai yi ban ruwa Alhamis da Juma'a, da lokacin hutu?

Mai tambaya: Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Akwai manyan ɗalibai da gidajensu ke jikin filin, zan raba musu kwanaki, ladanin masallaci ya riƙe makulli. Ranar Asabar za mu fara shingen in sha Allah. Mai irin salak mai kyau ya taimaka mana.