Hilux tana ƙara da safe: in sauke inji ko in dakata?

Mai A-kori-kura:
Assalamu alaikum. Ina da Hilux ƙirar 2012 mai injin fetur 2TR-FE, wadda nake ɗaukar hatsi da ita daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau, kuma ta haura kilomita 280,000. Tun shigowar hunturu, duk sanda na tayar da ita da asuba sai ta yi wata ƙara kamar ana jan sarƙa a kan kwano, daƙiƙa biyu ko uku, sannan ta yi shiru har dare. Akwai kuma ƙara ta biyu, siririya, kamar tsakuwa a cikin gwangwani, wadda ba ta fitowa sai na taka totur a hawa da kaya. Bakaniken da na saba da shi ya ce a sauke inji, wani kuma ya ce in koma baƙin mai mai kauri, 20W-50. Ina neman shawara kafin in kashe kuɗin da ban tanada ba.

Tsohon Bakanike:
Wa'alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bari a kwance ko ƙusa ɗaya tukuna, domin injin da metal ɗinsa (ƙarafunan da karanshaf ke juyawa a kansu) ya cinye ba ya yin shiru idan ya ɗumama. Bugunsa mai nauyi ne, daga ƙasa yake fitowa, yana ƙaruwa ne idan mai ya yi zafi ya tsinke, kuma sau da yawa fitilar mai takan riƙa ƙyaftawa idan mota tana tsaye. Abin da ka bayyana ya fi kama da jinkirin hawan baƙin mai zuwa saman inji. Wannan injin sarƙa yake amfani da ita, ba bel ba, kuma abin da ke ɗame sarƙar da giyar VVT-i (mai daidaita lokacin buɗewar bawul) duk da ƙarfin mai suke aiki. A cikin filta mai kyau akwai wata 'yar roba da ke hana mai zurarewa ƙasa cikin dare; idan filtar jabu ce, sai saman inji ya kwana a bushe, da safe ya yi ta kuka har mai ya iso. Mai mai kauri kuwa, a sanyin asuba ƙara jinkirin zai yi, don haka ban goyi bayan wannan shawarar ba.

Ka yi juye da irin man da littafin motar ya ambata, ka sa filta ta asali, sannan ka tari tsohon man a cikin roba mai tsabta ka duba shi a rana. Idan ka ga yana walƙiya kamar an barbaɗa garin ƙarfe, to a nan ne maganar sauke inji za ta taso. Ka kuma sa a ɗaura ma'auni a gwada ƙarfin mai bayan inji ya yi zafi.

Direban Hanyar Jos:
Maganar Baba gaskiya ce, sai dai bai taɓo ƙara ta biyu ba, kuma ni ita ta fi ba ni tsoro. Fetur ne ke kamawa kafin lokacinsa, idan kuma aka daɗe a haka yana iya lalata fistin. Ɗan'uwa, ka sauya gidan mai na mako biyu, ka daina jan kaya a hawa da babbar giya, ka duba fulogi. Shin tamostat ɗinka, wato abin da ke daidaita zafin inji, yana nan, ko an cire shi kamar yadda ake yi mana da sunan maganin zafi? Injin da ba ya kaiwa zafin da ya kamata yakan tara baƙin dauɗa a kan fistin.

Mai A-kori-kura:
Allah Ya saka muku da alheri. Baba, na yi juye ranar Asabar, man ya fito baƙi amma babu walƙiya, kuma da muka tsaga tsohuwar filtar sai muka tarar robar ta bushe ta tsage. Kwana huɗu ke nan ban ji ƙarar asuba ba. Tamostat kuwa babu shi, ashe tun kafin in saya aka cire. Na sa a nemo mini a kasuwar Ƙofar Ruwa, kuma ranar Alhamis zan gwada ta da buhu goma a hawan da ta saba yin kukan.