Taƙaitawa: aljihun gwamnati da 'yancin intanet a ƙasashen kama-karya

Ga abin da aka fi tsayawa a kai a wata tattaunawa da aka yi kan wannan batu.

1. Kusan kowa ya yarda cewa kafin a auna 'yancin intanet a ƙasa, a fara duba inda kuɗin baitulmali ke fitowa. Gwamnatin da ke cin arzikin mai ko gas, kamar Turkmenistan, ba ta jiran harajin talaka, don haka toshe shafuka bai taɓa aljihunta sosai.

2. Gwamnatin da ta dogara da kasuwanci kuwa tana jin zafin katse intanet nan take. A Masar a Janairun 2011, an bar layin da kasuwar hannun jari ke amfani da shi a buɗe bayan an kashe sauran, kuma intanet ta dawo cikin kwana biyar. Amma Iran ta gina nata layin cikin gida: a Nuwamban 2019 ta yanke hulɗa da waje kusan mako guda, bankuna na aiki. Wannan ya fi tayar wa masu tattaunawar hankali, domin ya rage tsadar danniya.

3. A duba mai kamfanin sadarwa. A Habasha, Ethio Telecom na gwamnati ne, shi kaɗai ne har aka ba Safaricom lasisi a 2021. Kafin nan, umarni ɗaya ya isa a katse intanet.

Inda aka rabu shi ne harajin Yuganda na 2018, shilin 200 kullum kan Facebook da WhatsApp. Wasu sun ce neman kuɗi ne, wasu kuma toshe baki ne, tunda mutane suka koma VPN (manhajar da ke zagaye toshewa), aka soke shi a 2021, aka ɗora kashi 12 kan data.