Ina neman Hausar "caffeine" kafin gobe da safe

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe tara zan gabatar da shiri a rediyo kan masu juna biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2016, ta ce mai ciki da ke shan fiye da miligiram 300 na caffeine a rana ta rage, don gudun ɓari da haihuwar jariri mara nauyi. Yaya zan kira abin? Na rubuta "kafin", sai jimlar ta fito "rage shan kafin kafin haihuwa".

Ɗan Damagaram: Hhhh. Mu nan da Faransanci kafeyin muke ji. Sa "y" ɗin ki huta.

Malamin Nahawu: Aro kuma? Muna da gahawa. Su ma Turawan daga sunan gahawa suka ciro tasu kalmar. Ni na daɗe ina koya wa ɗalibaina "gahawin". Ko a ce "sinadarin gahawa".

Ungozoma: Allah ya gafarta Malam, in aka ce sinadarin gahawa an kashe saƙon. Matan da nake wa awo ba ruwansu da gahawa. Goro ne a ƙulle a bakin zani, tana ɓantara tana taunawa saboda tashin zuciya da tsinkewar yawu, ga baƙin shayi safe da yamma, ga lemon kwalba mai cola. Duk abin yana ciki. Ta ji "gahawa" sai ta ce wannan zancen matan Larabawa ne.

Malamin Nahawu: Hajiya, ai kalma da koyarwa take zama. Wa ya san "na'ura mai ƙwaƙwalwa" a da?

Ɗan Damagaram: Kuma yau kowa kwamfuta yake cewa, Malam. Gahawar ma daga Larabci aka aro ta. Aron gabas halal, na yamma haram?

Malamin Nahawu: Wancan aro ne da ya kwana ya tashi a bakin kakanninmu. Ku da kuka mai da makaranta "lakwal" ba ku za ku koya mana kishin harshe ba.

Ɗan Damagaram: Masu cewa "sakandare" ne ke magana!

Mai Shirin Lafiya: Don Allah a dawo, dare na yi. "Sinadarin hana barci" fa?

Ungozoma: Ƙanwata, wannan bayani ne, ba suna ba, amma ki riƙe shi. Abin da ya fi damuna wani ne. Kar ki kuskura ki ce "zubar da ciki", wannan na ganganci ne. Ɓari za ki ce. Kuma kar ki ce sinadarin yana jawo ɓari kai tsaye. Yana ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi, jikin mai ciki kuma yana jinkirin fitar da shi, musamman a watannin ƙarshe. An ga alaƙa tsakanin sha da yawa da ɓari, sai dai cikin da ya zauna daram ya fi zuwa da laulayi, mai laulayi kuwa ko ƙamshin gahawa ba ta so, shi ya sa lissafin ke da sarƙaƙiya. Na ga wadda ta yi ɓari, uwar miji ta ɗora wa shayinta laifi, ta yi wata tana kuka. Likitocin mata na Amurka da hukumar lafiyar Ingila sun tsaya a miligiram 200 a rana. Babban kofi na garin gahawa mai narkewa nan take yana da kusan 100, na shayi kusan 75.

Mai Shirin Lafiya: Na gode Yaya. Zan ce "kafeyin, sinadarin nan mai hana barci da ke cikin goro da shayi da gahawa". Goro a gaba.

Malamin Nahawu: To. Tunda dai ba ki ce "kofin kofi" ba, na yi shiru. Amma a allona gahawin ne.

Ɗan Damagaram: Rabin masu saurare sai kin ce Nescafé za su gane gahawar.

Mai Shirin Lafiya: Sunan kamfani ba ya shiga shirina sai sun biya kuɗin talla. Sai da safe.