Dakwarata uku sun fi ba da ƙaro, yaya zan sami irinsu?

Ɗan Mirriya: Salamu alaikum. Ina da dakwara arba'in a gona, amma uku ne ke ba da ƙaro sosai. So nake in haɗa ukun nan aure. In ɗaure furen da ƙyalle in shafa garin fure da hannu, ko in rataya amya a tsakaninsu in bar wa zuma aikin?

Manomin Matamaye: Ka shuka gawo kawai. Da damina yake zubar da ganye, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa.

Baba na Gure: Yaro, ni "haɗin aure" ya taɓa cuta ta. Wani ya kawo mini dashe ɗari, ya rantse irin waje ne mai saurin girma, ɗari biyu da hamsin kowane. Da amalanke na riƙa ɗebo musu ruwa. Shekara ta uku rani ya kashe fiye da rabi, sauran ko ƙwallon ƙaro ɗaya ban gani ba. Rago biyu na sayar saboda su. Har yau in na bi ta wurin raina na ɓaci.

Hajiya Mai Tsaba: Baba, an tsuga maka kuɗi. Dala ashirin na sayi nawa.

Baba na Gure: Naki bagaruwa ce, Hajiya.

Ɗalibin Gona: Haɗin da ake yayatawa na wasu itatuwa biyu dangin dakwara ne, mangium da auriculiformis, a Biyetnam ake shuka shi inda ruwa ke da yawa, kuma da reshe ake yaɗa shi don 'ya'yansa ba sa biyo uwa. Dakwara ba ta cika ɗaukar garin kanta ba, kuma furenta ƙanana ne, aikin hannu zai wahalar da kai. Zuma kuwa za ta kwaso gari daga sauran talatin da bakwai ɗin ma.

Baba na Gure: Ɗana, itace nawa ka taɓa tsagawa don ya fid da ƙaro?

Ɗalibin Gona: Ban tsaga ba, Baba, amma na karanta.

Kabu-kabu: In an sa ranar auren a gaya mana, mu kawo goro.

Hajiya Mai Tsaba: Ku bar zancen fure. Wa zai tsare itacen? Jiya da dare aka sassabe mini gawo biyu aka kai wa dabbobi.

Manomin Matamaye: Mu ma haka. Da safe sai kututture da sawun amalanke.

Ɗan Mirriya: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. To amyar fa, in rataya?