Taƙaitaccen abin da aka tattauna kan Tramadol a ƙauyukan Jigawa

Ma'aikatan lafiya da masu unguwanni sun yarda cewa yawancin matasanmu a gona suke fara shan Tramadol, don su jure aikin ƙwadago. Likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, amma ta bayan fage ƙwaya ɗaya kan kai 225, yaro kuma ya haɗiye uku. Abin da ke kawo jijjiga irin ta farfaɗiya ke nan. In aka haɗa ta da kodin, diazepam (ƙwayar sa barci) ko burkutu, numfashi ne ke raguwa har ya tsaya.

Wanda ya faɗi, a kwantar da shi a gefensa. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa madara ko manja, domin huhu za su bi. A garzaya da shi asibiti tare da kwalin abin da ya sha.

Iyaye sun fi tambaya kan dainawa. Yankewa rana ɗaya na jawo zufa, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, shi ya sa da yawa suke komawa. Likita ne zai riƙa rage masa a hankali. Ɗaure yaro da mari kuwa zalunci ne. A kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau.